Matar da Ta Zaunar da Kakanni Biyu a Benci Ɗaya

Kafin masu shara su gama goge barandar asibiti, ita ta riga ta iso. Za ka fara jin ƙarar makullanta tun daga kwana, sannan ka hango ta, gajeruwa mai ɗan jiki, jaka a kafaɗa, tana tafiyar nan ta wanda bai makara ba amma ba shi da lokacin tsayawa hira. Ɗakinta shi ne na ƙarshe a ɓangaren masu ciwon gaɓɓai, ɗakin ɗibar jini. Ba wani girma gare shi ba. Tebur ne, da famfo a kusurwa, da ƙaramin firij mai gurnani kamar tsohuwar kyanwa, sai kujera mai hannu wadda aka naɗe hannunta na dama da filasta tun kafin in san wurin.

Ba allura take fara taɓawa ba, benci take fara ja. Akwai wani dogon bencin katako da muke jira a kansa. Masu shara in sun gama sai su jingina shi jikin taga, inda ranar safe ke faɗowa, ita kuma kullum sai ta ajiye jaka ta kama shi ta ja zuwa inuwa, saboda da yawa cikin masu zama a kansa rana tana tayar musu da ciwo. Shekara da shekaru suna wannan ja-in-ja da masu shara, ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani murya. Daga nan ta zuba ruwan ɗumi daga fulas ta wanke hannu, don ta ce hannu mai sanyi jijiya yake kora. Ta jera 'yan kwalabenta, masu jan murfi gefe guda, masu shuɗi gefe guda. Sai ta leƙo ta ce, "To, wa Allah ya ba na farko?"

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗoriya. Na san ba za a rataya hotonta a bango ba. Ana tuna likitan da ya karanta sakamako, a manta da wadda ta lalubo jijiya a hannun da ya kumbura. Shi ya sa na ce ni dai ba zan bari ta fita shiru ba. Ni ba ma'aikaciyar asibiti ba ce, gwiwoyina ne suka kai ni bencin nan suka zaunar da ni shekaru, kuma tsohuwar da ta zauna a benci da kunnuwanta biyu dole ta kwaso labari.

Anti Ɗan-zafi muke ce mata. Yara ne suka raɗa mata sunan, ya bi ta har bakin likitoci. Kowace mai allura cewa take, "Ba zafi, ba zafi," sannan ta caka maka. Ita ban taɓa jin ta faɗi haka ba. Sai ta kama hannunka ta dube ka ta ce, "Akwai ɗan zafi, amma ba zai daɗe ba." Na taɓa ce mata, "Ke kuwa 'yar nan, ki riƙa lallashin mutane mana." Ta ce, "Mama, wanda na yi wa ƙarya a kan allura, ranar da zan gaya masa babbar magana ba zai yarda da ni ba."

Yawancin waɗanda take gani wata-wata masu ciwon nan ne da ake kira lufus. Ni ma a bencin na fara jin sunan. Yadda ta fahimtar da ni, kowane jiki yana da dakarunsa masu yaƙi da cuta. To a wannan ciwon dakarun ne suke rikicewa, su daina bambance baƙo da ɗan gida, su juya kan fata da gaɓɓai, wani lokaci har ƙoda. Ba a ɗaukarsa a jikin wani, ba kuma jifa ba ne. Cikin goma masu shi kusan tara mata ne. Ba ya warkewa kwata-kwata, amma yana kwanciya in ana shan magani, ana kuma duba jini da fitsari a kai a kai. Shi ya sa suke zuwa mata kamar masu zuwa gaida uwa.

Mai gadin ƙofa ya ba ni labarin wani makanike, ƙaton mutum, da aka ce yana da ciwon. Da ya ji an ce ya fi kama mata, sai kunya ta hana shi zama a benci. Ya zo ya yi ta zagaye kamar mai neman wani, ya koma gida. Anti ta lura. Ta ce wa mai gadi in ya sake ganinsa ya shigo da shi tun kafin a buɗe layi. Haka ta riƙa yi masa, ba ta taɓa tambayarsa dalili ba, har ya saki jiki. Yanzu a tsakiyarmu yake zama, yana ba mu labarin injin mota ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba.

Akwai kuma maganar gado. Masana sun lura ciwon ya fi yawa, ya kuma fi tsanani, a cikin baƙaƙen fata da wasu al'ummun gabashin duniya fiye da Turawa, alhali yawancin binciken farko a kan jinin Turawa aka yi shi. Da asibitinmu ya shiga wani bincike na neman sanin abin da kowace al'umma ta gada, ita aka ɗora wa ɗibar jinin masu ciwon da na danginsu masu lafiya, duk wanda ya yarda. To a nan ne labarin da ya sa na ɗauki biro ya shigo, kuma a layinmu ya faru, gidan da katangarmu ɗaya.

Maƙwabciyata ƙawata ce tun muna goyo. Jikokinta suna ce mata Kaka ta Gida, don a gidanta suke zaune. Mace ce mai kirki mai baki: in ta ba ka abinci sai ka ƙoshi, in ta ba ka magana sai ka kwana da ita. Ɗanta direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya. Matarsa kuwa 'yar wata baiwar Allah ce da ta zo daga wata ƙasa ta hayin teku tun tana budurwa, ta yi aure a nan ta tsufa a nan, har yau in tana magana harshenta yakan ɗan karkace. Ita ce Kaka ta Nesa, ko da yake mota ɗaya ake hawa zuwa gidanta. Babbar jikarsu doguwa ce siririya mai son fararen kaya, ana ce mata Balbela. Malamar firamare ce, 'yan aji ɗaya take koyarwa.

Da gajiya ciwon ya fara mata. Sai yatsu suka riƙa sandarewa da safe har ba ta iya riƙe alli, gashi ya fara bin mataji, wani baƙin tabo ya shimfiɗu a kumatunta ya haye karan hanci. Aka sha maganin zazzaɓi har aka gaji. Daga baya suka biyo ni asibitinmu, Anti ta ɗebi jini, likita ya kira sunan ciwon ya ɗora ta a kan magani. Cikin 'yan watanni yarinya ta dawo hayyacinta, tabo ya dushe. Muka riƙa tafiya tare, ni da gwiwata, ita da jininta.

Abin da ya ɓata lamarin, likita ya ce akwai gado a ciki, maganar kuwa ta iso gida.

Kaka ta Gida ta ce, "Gado? To ba daga gidanmu ba. Mu tun kakan kakanmu ba mu san wannan ba. Abin da ya hayo teku ne."

Ba sau ɗaya ta faɗa ba. In baƙi sun zo dubiya, ta faɗa. In yarinya ta ɗauko ƙwayoyinta za ta sha, ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, an shafa miki." In ranar asibiti ta zo, ta ce wa surukarta, "Sai ki shirya ta, ai ku kuka san kan abinku." Na san ta, ba mugunta ba ce. Tsoro ne ya cika ta ganin jikar da ta fi so tana ramewa, ta rasa wanda za ta kama. Na yi mata magana, ta ce, "Ke tsohuwa, gwiwa ce ciwonki, ki tsaya a gwiwa."

Uwar Balbela ba ta taɓa mayar da magana ba. Sai dai ta daina dariya, ta rage cin abinci, ta daina zuwa gidan mahaifiyarta. Wata rana na leƙa ta katanga na gan ta tana shanya, ta tsaya da rigar 'yarta a kafaɗa tana juya hannuwanta gaba da baya, kamar za ta hango abin a ciki. Ashe ba ni kaɗai nake gani ba, Balbela ma tana gani.

Ana cikin haka 'yata ta haihu a wani gari, na tafi na yi 'yan watanni. Da na dawo na tarar gidan maƙwabta ya cika da fara'a. Wai Balbela ta warke, ta ce likita ya sallame ta. Kaka ta Gida har da sadaka. Ta ce mini, "Na gaya muku jininmu zai rinjaya." Uwar ta yi ƙiba, tana dariya. Abin ya tsaya mini a rai, amma wa zai shiga gidan da ake murna ya ce a dakata?

Ranar da na koma asibiti, Anti tana ɗaura mini roba a hannu ta ce, "Mama, yau ke kaɗai? Ina abokiyar tafiyarki? Na kira wayarta har na gaji."

Na ce, "An ce ta warke."

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "In tambaye ki abu ɗaya. Wane takalmi take sawa kwanan nan?"

Sai na tuna. Balbela mai son takalmi mai tsini, da safen nan na gan ta za ta makaranta da silifas ɗin babanta.

Anti ta kwance robar ba ta ɗebi komai ba, ta ce in jira ta. Ta shiga wajen likita, ta dawo ta ƙarasa da ni. Ta ce, "A wannan ciwon in ƙafa ta kumbura, ƙoda muke ji wa tsoro. Ita kuma ƙoda ba ta kuka sai ta kusa gamawa. Likita ya ce a nemo ta."

Ba aikinta ba ne neman mutane, aikinta a bakin ƙofar ɗakinta ya tsaya. Amma washegari ta nemi izini ta tashi da wuri, ta ɗauki lema ta nufi makarantar. Balbela da bakinta ta ba ni labarin daga baya. Ta ce tana tsaye a tsakiyar rana tana tsallakar da yara titi, sai ta ji inuwa a kanta. Anti ce riƙe da lema, ta jira sai da yaran suka gama hayewa sannan ta ce:

"Malama, an ce kin warke. Na zo barka."

Balbela ta sunkuyar da kai.

"Fitsarinki yana kumfa?"

"Yana yi."

"Yaushe rabonki da magani?"

"Anti, don Allah ki ƙyale ni. Tun da na ce na warke Ummata take cin abinci. In ba ni da ciwo, ba wanda ya gadar mini da komai. Ki bari ta huta."

"To in ƙodar ta tsaya fa? Ranar wa za a nuna da yatsa?"

Yarinya ta fashe da kuka a bakin titi. Anti ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, "Ba zan ja ki ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ki ba ni izini in yi magana da kakanninki, su biyun, a wuri ɗaya. In na gama, shawara taki ce." Balbela ta ce ta yarda, amma ita ba za ta shiga ba, a bakin ƙofar asibiti za ta tsaya.

Ni aka ba saƙo. Na ce wa ƙawata asibiti suna son ganin dangin Balbela na uwa da na uba, akwai magana, akwai kuma binciken gado da ake ɗibar jinin dangi. Rabin ƙarshe kaɗai ta ji.

"Za a auna? Alhamdu lillahi! Dama abin da nake jira ke nan. A auna nawa, a auna nata, kowa ya gani."

Na ce, "Ba haka aka ce ba fa."

Ta ce, "Ke dai ki shirya da wuri, kada gwiwarki ta makarar da mu."

Da gari ya waye ta ci ado ta fesa turare, kamar mai zuwa kotun da ta riga ta ci shari'a. Anti ta bari sai da ta sallami layi sannan ta kira mu. Kaka ta Gida ta zauna a wannan ƙarshen benci, Kaka ta Nesa a wancan, suka gaisa sama-sama. Uwar Balbela tana tsakiya kamar wadda aka kama da laifi. Ni aka ba ni kujera a gefe. Anti ta jawo tata ta zauna gabansu, ba allura a hannunta.

Ta ce, "Iyayena, kafin in taɓa hannun kowa, magana biyu gare ni. Ta farko, jinin binciken nan ba ya dawowa da sunan kowa. Lamba ake sa masa a haɗa shi da na dubban mutane. Ba ranar da za a kira ku a ce daga gidan wance ne."

Kaka ta Gida ta miƙe tana gyara mayafi. "To me na zo yi? Yarinya, kin sa na ɓata turarena." Yarinyar fa ta kusa sittin.

"Ki ɗan zauna, Mama, ta biyun ta fi nauyi. Jikarku ba ta warke ba. Da izininta nake faɗa. Ta daina shan magani, ƙafafunta sun kumbura, muna tsoron ƙodarta."

Uwar ta dafe ƙirji. Ƙawata ba ta san lokacin da ta koma ta zauna ba. "Ta daina? Don me? Wa ya hana ta?"

"Ba wanda ya hana ta. Ta lura duk ranar da ta sha magani, mahaifiyarta ce take haɗiyar ɗacin."

Kaka ta Gida ta ɗaga kai. "Ni gaskiya na faɗa. Likita ne ya ce gado, ba ni ba. Mu kuwa jininmu ƙarfi gare shi. Garin da aka haife ni bakin fadama ne, sauro kamar hayaƙi, damina ba ta wucewa sai an binne yara. Mu tara uwarmu ta haifa, zazzaɓi bai ɗauki ko ɗaya ba. Ni da kike gani allura ba ta taɓa shiga jikina ba."

Anti ta ce, "Mama, wannan ba ciwon raunin jini ba ne. Dakarun jiki ne suka cika zafin nama har suka afka wa na gida. Kuma ba abu guda ake gada ba kamar gona ko akwati. Ƙananan abubuwa ne barjat, ɗan wannan daga uwa, ɗan wancan daga uba. Kowa a ɗakin nan yana ɗauke da wasu, har ni. Sai sun taru a jiki ɗaya, sannan wani abu ya taso su, kamar rana ko wata cuta. Ko tagwaye masu kama ɗaya, sau da yawa ɗaya ya kamu ɗaya bai kamu ba. Wasu masana ma suna ganin ɗaya daga cikin abubuwan nan shi ya taimaki kakanni a ƙasashen sauro suka tsira daga zazzaɓi. Ya yi musu rana, ya zo kan wasu jikoki ya yi yawa. Ana samunsa a cikinmu, ana samunsa a hayin teku."

Don ta nuna ba mai laifi ta faɗi haka. Amma ƙawata da nata kunnen ta ji. Na ga bakinta yana motsi, ta ce a hankali, "Mu tara. Ko ɗaya bai faɗi ba." Sai ta zaro ido. "Ashe namu ne."

"Mama, ban ce haka ba."

"Ba sai kin faɗa ba. Ni na ba ta. Wayyo ni, na zauna ina jifan baiwar Allah, ashe abin a zanina yake."

Kaka ta Nesa ta matso. "A'a, Yaya. Namu ne. Ƙanwar mahaifiyata, can gida, yatsunta sun kumbura, gashinta ya zube, ta rasu ba ta yi talatin ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko 'yata. Duk abin da kika faɗa, a raina cewa nake gaskiyarki ce."

"Ke rufa mana baki! Wace ƙanwar uwa kuma? Ina gaya miki mu tara!"

"Yaya, dubi hancinta, dubi gashinta, duk nawa ta kwaso."

"Tsayin fa? Tsayin wa ta ɗauko? Kaf gidanku akwai mai taɓa saman ƙofa?"

Jama'a, ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, ga hawaye yana zuba. Abin da aka yi watanni ana turawa gidan wani, yau ga shi ana rububinsa.

Anti ta bar su suka ɗan taɓa, sannan ta ɗaga hannu. "Iyayena, ku duka kun faɗi zaɓe, ba wadda za a ba. Lafiyar 'yan'uwanki ba hujja ba ce, Mama. Ke ma, Mama, ba mu san abin da ya kashe ƙanwar mahaifiyarki ba, ba a auna ba. Ƙannen Balbela daga jinin nan biyu suka fito, ga su garau, haka ma yawancin dangin masu ciwon ba sa kamuwa. Manyan masana kansu ba su gama sani ba, shi ya sa suke roƙon jini. Abin da ni na sani, yarinya tana tsaye a bakin ƙofar asibiti da kumburarrun ƙafafu, likita kuma yana jiranta. Wa zai shigo da ita?"

Uwar ta yunƙura za ta tashi. Kaka ta Gida ta dafa mata gwiwa. Na manta rabon da in ga ta taɓa ta.

"Zauna, 'yata. Kin ɗauki abin da ya ishe ki. Bakina ne ya fitar da ita, ƙafata za ta dawo da ita."

Ta ɗauki sandarta ta bi doguwar barandar nan ita kaɗai. Ta taga muka hango su. Na zaci za a yi dogon lallashi, ashe a'a. Balbela ta ce abin da kawai ta faɗa shi ne, "Ke doguwar banza, so kike ki kashe ni da raina? Wuce mu je." Sai ga su, tsohuwa ta riƙo hannun malama kamar 'yar aji ɗaya.

Hannun Balbela ya kumbura, jijiya ta ɓuya. Anti ta daɗe tana lalube da ɗan yatsa, ba gaggawa, sannan ta soka sau ɗaya ta samu. Da aka wuce da yarinya wajen likita tare da uwarta, ta juyo ga tsofaffin ta tambaye su ko har yanzu suna son ba da jinin binciken, tunda sun ji ba amsar da za ta dawo. Kaka ta Nesa ta naɗe hannun riga ta ce in dai zai taimaki jikar wani, a ɗiba. Kaka ta Gida ta ce, "Ai ba za a aika na hayin teku shi kaɗai ba, a ce mu ba mu da wakili." Da ta ga allura kuwa, jarumar fadama ta runtse ido, ta damƙe hannun Kaka ta Nesa, ta karanto duk addu'ar da ta sani. Ta ce, "An fara?" Aka ce, "An gama tun ɗazu."

Sakamako ya nuna ƙodar ta fara yoyo. Likita bai ɓoye ba, ya ce da an ƙara jinkiri da sai an kai ga injin wankin ƙoda. Aka kwantar da ita, aka ba ta magani mai ƙarfi da ya kumbura mata fuska har ta ƙi kallon madubi. Ba zan ce muku ƙodar ta koma sabuwa ba, abin da ya tafi ya tafi. Amma tana aiki. Balbela ta koma ajinta, magani kuma za ta sha shi muddin rai. Yanzu kowace safiya ta katanga nake jin muryar ƙawata: "Ke! Kin sha ko sai na zo?" Da uban ya dawo daga hanya ya tarar da uwarsa da surukarsa a tabarma ɗaya suna tsintar shinkafa, an ce sai da ya koma waje ya sake duba ƙofar gidan.

Anti Ɗan-zafi, yanzu da ke nake. Ke ce wadda aka ɗauka don ɗibar jini, kika gane cewa kowane hannu da aka miƙo miki akwai gida guda a bayansa. Ke ce kika lura da wadda ba ta zo ba, a wurin da waɗanda suka zo ma sun isa su gajiyar da mutum. Kina iya barin ƙawata da zatonta ki ɗebi jininki ki cika kwalba, ba wanda zai tuhume ki, amma kika gaya mata gaskiya tun tana da damar tashi ta tafi. Ba ki kunyata tsohuwa ba, ba ki ɗora wa ɗayar ba, ba ki kuma faɗi abin da ilimi bai kai gare shi ba. Mai sanyin rai, mai gaskiyar baki, mun gani, mun shaida.

Balbela ta roƙi a matso mata da ranar ɗibar jininta ta faɗo cikin makonki na ƙarshe. Tuni kakannin suka fara musun wadda za ta rako ta. An sasanta su a kan su zo su biyu, uwar ta zauna a gida ta huta. Sai ki shirya kunnuwanki.

Mun gode, 'yar nan. A madadin duk masu zaman bencin nan, da waɗanda suka tashi da ƙafarsu da waɗanda Allah ya karɓa, mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya jiƙan iyayen da suka haife ki, ya sa a riƙe ki yadda kika riƙe 'ya'yan mutane.

Ku kuma matasan da za ku gaji kujerarta, kada ku tsaya a jijiya, ku ɗaga kai ku dubi mai hannun. Mu kuma iyaye da kakanni, ranar da likita ya ce ciwon ɗanmu akwai gado a ciki, mu kama bakinmu, domin yaran suna ji, kuma akwai wanda zai gwammace ya ajiye maganinsa da ya ga ana nuna uwarsa. Kada a tsaya neman gidan da ciwo ya fito. A tashi a nemi wanda zai raka mara lafiya asibiti gobe da safe.